Ranar da Valdemiro Ya Ce Duka

Valdemiro ya shigo gidan burodina wata ranar Asabar, ya jingina da kanta, ya sanar da ni cewa duk garinmu babu wanda ya iya foka, wasan katin nan na caca. Ban tambaye shi ba. Gari ma nake auna wa wata mata a lokacin.

"Seu Osvaldo, wasan tsoro kuke yi," in ji shi. "Kowa ya naɗe hannu yana jiran kati mai kyau kamar mai jiran mota a tasha. Manya ba haka suke yi ba. Manya sakin hannu suke yi. Kowane tarkacen kati ya zo maka, ka shiga. Ka ƙara, ka sake ƙarawa, har gaban kowa ya faɗi ya ajiye nasa, kai kuma ka kwashe."

"Wa ya ce?"

"Wani ɗan Amurka a waya. Yana da jirgin ruwa nasa na kansa."

"Ka ga jirgin?"

"Na ga hotonsa."

Daga nan ya shimfiɗa mini shirin. Zai fara share teburinmu na ranar Lahadi, ya wuce Belo Horizonte da abin da ya samu, daga can sai São Paulo. In ya dawo zai ɗora bene a kan gidan surukinsa, ya riƙa leƙo tsohon daga sama. Miro kenan, kamar yadda muke kiransa, mai sayar da rigunan waya da tabarau a bakin tasha, wanda tun da ya auri Marlene yake zaune a ɗakin baya na gidan ubanta, Seu Aristides, yana cin wake da shinkafarsa yana kuma gyara masa ra'ayin siyasa.

Matsalar ita ce Miro bai taɓa zama a teburinmu ba. Ta taga ya yi mana wannan bincike. Da ya zauna ko sau ɗaya, da ya san cewa ciwonmu ba tsoro ba ne. Mu mutane ne masu son gani. A garin nan in ka rufe taga da rana, kafin yamma mata uku sun zo aron gishiri. To ka riƙe kati biyu a kife a gabanmu, ka ce kuma in muka ajiye namu ba za mu taɓa sanin abin da ke ciki ba? Ai ba ma iya barci. Da ƙwayar wake muke wasa, kowace ƙwaya 'yan centavo ne da ba su sayen rabin burodi. Sanin sirrin maƙwabci a wannan farashi, babu araha irin wannan a duk jiharmu ta Minas. Shi ya sa ba mai ajiyewa. Kowa sai ya bi, ya ce, "Na biya in gani." Shugabarmu a wannan fanni ita ce Dona Zuleide mai cuku, gwauruwa, wadda tun da nake rabon kati a bayan shagon nan ban taɓa ganin ta ajiye hannu ba.

Wasanmu ba shi da iyaka, kana iya tura duk abin da ke gabanka a lokaci ɗaya. Doka guda ce kawai, kuma Seu Aristides ne ya kafa ta tun lokacin da Tião mai aski ke ɓoye wake a ƙarƙashin hularsa: duk wanda ya ce "duka", to duk abin da yake nasa a kan koren ƙyallen tebur ya shiga. Ranar da aka kafa ta Tião ya koma gida ba hula.

A makon da nake ba da labari, Seu Aristides yana kwance da ƙafa a ɗaure, ya faɗo daga tsani. Ƙafar ba ta dame shi ba kamar kanarinsa, Maestro. Gasar kukan tsuntsaye ta matso, kuma dole a kai Maestro dandali ranar Lahadi, a rataye kejinsa a bishiya kusa da na sauran, ya ji muryar abokan hamayya jininsa ya tafasa. Ba mai kai shi sai Miro. Marlene da bakinta ta gaya mini abin da tsohon ya ce yayin da yake miƙa kejin: "Gashi ɗaya ya ɓata a jikin tsuntsun nan, kada ka dawo gidan nan. Kayanka za su same ka a inda kake."

Bayan an taso daga coci, muna zaune ni da Tião da Dona Zuleide, sai ga Miro. Rana tana dukan ƙasa, shi kuwa yana cikin riga mai hula ta sanyi, ya ja hular har goshi, da baƙin tabarau, da abin jin waƙa a kunnuwa. Ga keji a hannu.

"Wa ya rasu?" in ji Tião.

"Wasanka," in ji Miro.

"Ba dandali aka aike ka ba?" na tambaye shi.

"Aikin nan ba zai ɗau lokaci ba. Tsuntsu zai iya jira."

Ya rataye kejin a ƙusa. Magena ta fito daga bayan buhunan gari ta zauna a ƙarƙashi, ta ɗaga kai. Ya sauke kejin ya ɗora a kujera. Mage ta hau kujerar da ke kusa. Ya ɗauke ya ɗora a kan tebur, daidai gwiwar hannunsa.

"Miro, kan ƙyalle ne fa," na ce.

Ya gyaɗa kai yana bin kiɗan da ke kunnensa. Na faɗa, kuma mutum biyu sun ji na faɗa. Ina so a riƙe wannan.

Na raba wa kowa kati biyu. Miro ya leƙa nasa, ya tura tulin wake tsakiya tun ban buɗe katunan tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa ba. Tião ya bi. Dona Zuleide ta bi. Na buɗe uku, ya ƙara, suka bi. Na buɗe na huɗu, ya ƙara yana huci, suka bi. Na buɗe na ƙarshe, ya tura tuli mafi girma, ya harɗe hannuwa.

"Na biya in gani," in ji Dona Zuleide.

Bakwai da biyu ne a hannunsa, ba abin da ya haɗu da komai. Ita tana da uku guda biyu. Ta jawo waken gabanta da gefen hannu, yadda take share ɓurɓushin cuku.

Miro ya zare abin kunnensa. "Dona Zuleide, ba haka ake yi ba. Kamata ya yi ki ajiye."

"Don me, ɗana?"

"Yadda na yi ta ƙarawa, ai na nuna miki ina da sarki biyu."

"Kana da su?"

"A'a."

"To."

"Amma ai ba ki sani ba!"

"Shi ya sa na biya," in ji ta. "Osvaldo, raba."

A zagaye na gaba ya leƙa katinsa, ya yi murmushi har kunne. Ya yi ta turawa, suna ta bi. Da aka zo ƙarshe ya miƙe tsaye, ya buga katin a tebur har Maestro ya yi tsalle.

"As biyu, katin da ya fi kowane girma! Ku gaisa da babanku!"

Muka leƙa. Huɗu ne da huɗu. Bayan shagona ba shi da haske ko da tsakar rana, shi kuma ya ƙara wa kansa dare da tabarau. Tião ya ci da tara biyu, ya ce ya gode wa baban.

Miro ya ce matsalar kayan aiki ce. Ya buɗe jakar hajarsa, ya cire baƙin tabarau ya sa wani mai madubi, takardar farashi na lilo a gefe. Ya sayi sabon kofin wake a wurina. Sannan ya bayyana mana cewa yanzu zai shiga mataki na biyu, karatun fuska, ya kafa wa Tião ido.

Idon Tião na hagu yana ƙiftawa shi kaɗai tun yana yaro. Duk garin nan an sani. Mun saba zama a ƙarƙashin rezarsa yana ƙifta mana, ba wanda ya taɓa ɗauka da wata manufa.

"Na kama ka," in ji Miro. "Ka ƙifta. Ba ka da komai."

Tião yana da sarauniya uku.

A na gaba ya sake ƙiftawa. "Yauwa, yanzu na gane. In ka ƙifta kana da kaya." Miro ya ajiye. Tião ya nuna masa katin don ladabi, biyar da takwas, ko gaisawa ba sa yi.

"To me ƙiftawar take nufi?" Miro ya daka tsawa.

"Likita ma bai sani ba," in ji Tião.

Kafin nan taga ta cika. Labari ya kai dandali cewa surukin Aristides ya sa kayan sanyi yana rabon wake kyauta. Matan ƙungiyar coci suka tsaya a bakin ƙofa da jakunkunansu, masu tsuntsaye biyu suka baro bishiya suka zo. Miro ya juya gare su ya yi musu lacca. Ya ce abin da suke gani asara ce ta ɗan lokaci, wannan dabara a tafiya mai nisa take biya.

"Nisan ya kai ina?" wata ta tambaya daga taga.

"Sai an yi dubban zagaye."

"Ni dai ina da kullun da zan kwaɓa kafin yamma," na ce.

Sai aka zo zagayen da ya kashe shi, kuma shi ne kaɗai zagayen da ya ci. Na raba. Ya ɗago katinsa dab da fuska, don yanzu ba ya yarda da idonsa. As biyu ne, na gaske. Na san haka domin suna nan ɓaro-ɓaro a madubin tabaransa, ɗaya a kowane ido. Tião ya gani. Mutanen taga sun gani, har wani ya yi fito. Dona Zuleide ta fita ba wa wata mai saye cuku, ba ta cikin zagayen. Miro ya tura wake kaɗan, yana ƙoƙarin jan mu. Tião ya ajiye. Ni ma, da nake ɗan taɓawa in ana ƙarancin hannu, na ajiye. Me za mu biya mu gani? Mun riga mun gani.

Abin da ya ci bai cika tafin jariri ba. Amma Miro ya miƙe ya buɗe hannuwa ga jama'a.

"Kun gani? Tsoro ya shiga! Abin da nake ginawa tun ɗazu kenan. Na karya su."

Ba wanda ya gaya masa. Ni na so in faɗa, na rantse, amma na ga ba a gama ba, kuma ni ma ɗan garin nan ne.

Dona Zuleide ta dawo ta zauna, ta ajiye kwandon cukunta a ƙasa. Miro ya tuɓe hular rigarsa, gumi na bin wuyansa. Sannan ya cire tabarau a hankali, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"Yanzu ba na bukatar wannan," in ji shi. "Ina so ku kalli ƙwayar idona."

Taga ta yi nishin takaici. An rufe mana madubi.

Na raba. Ya leƙa, fuskarsa ba ta motsa ba, wannan kam na ba shi. Na buɗe uku na tsakiya. Ya kalli Tião, ya kalli Dona Zuleide, ya share iska da hannu a kan duk abin da ke gabansa.

"Duka."

Maestro ya zaɓi wannan lokaci ya rera wata 'yar gajeruwar waƙa.

"Duka, ɗana?" in ji Dona Zuleide.

"Duka."

"Duk abin da ke gabanka?"

"Dona, kunnenki ne ya fara tafiya? Duk abin da ke gabana, na ce."

Ta kalli kejin. Ta sunkuya ta ɗauko kwandon, ta ɗora a kan ƙyalle, cuku manya-manya na makon gaba ɗaya. Tião ya ajiye katinsa, ya ce shi ba shi da abin da ya kai tsuntsu sai kujerar aski, kuma ba ta ɗaukuwa. A nan ne Miro ya waiwaya ya ga abin da ke gefen gwiwar hannunsa.

"A'a, a'a. Wake nake nufi. Wannan ajiya ce kawai."

"Kan ƙyalle yake," in ji Tião.

"Saboda mage ne!"

"Dokar ba ta ambaci mage ba," na ce.

Miro ya matso da kujerarsa. "Dona Zuleide, ki saurare ni don Allah. Ina da kaya. Kaya masu nauyi. Ki ajiye, ki tsira da cukunki. Shawarar ɗa ce ga uwa."

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Na biya in gani."

Takwas da uku ne a hannunsa. Na buɗe sauran biyun na tsakiya a hankali, ina roƙa masa ko da takwas ɗaya, don na tausaya masa a lokacin. Ba ta zo ba. Dona Zuleide tana da shida biyu. Ta jawo kejin gabanta, ta leƙa ciki, ta ce wa Maestro sannu da zuwa.

Ba a daɗe ba muka ji ƙarar baro a kan duwatsun titi. Masu tsuntsaye sun riga sun kai labari. Jama'a suka dare, sai ga Marlene tana turo baro, Seu Aristides na zaune a ciki kan matashi, ƙafarsa mai ɗauri a miƙe gaba kamar bakin igwa. Ta tsayar da shi a bakin tebur. Tsohon bai kalli Miro ba ko sau ɗaya.

"Zuleide, tsuntsuna ne a gabanki."

"Ɗazu naka ne, Aristides."

"Nawa za ki sayar?"

"Ba na sayarwa ba ne. Gidana ya yi shiru tun da mijina Firmino ya tafi."

"Wawan nan ba shi da ikon saka shi."

"Osvaldo," in ji ta, "wa ya kafa dokar ƙyalle?"

Na duƙufa ina tattara kati.

"Baba, bari in yi bayani," in ji Miro. "A lissafi, abin da na yi daidai ne. Cikin mutum goma masu hankali, tara za su ajiye."

"Marlene," in ji tsohon, "gaya wa mijinki in ya sake kira na Baba zan tashi da ƙafar nan."

Tsohon ya kafa wa kejin ido. Idonsa ya kawo ruwa, kuma duk wanda ya san shi ya san bai yi haka ba ko ranar da ya faɗo daga tsani. Sannan ya share hanci da bayan hannu.

"Zagaye ɗaya, ni da ke. Ki bar tsuntsun a kan ƙyalle, ni ma in sa nawa."

"Me za ka sa da ya kai shi?"

"Abin da ya fi shi ci, ya fi shi surutu." Ya nuna tebur da sandarsa. "Valdemiro, hau."

"Na'am?"

"Hau tebur."

Miro ya kalli matarsa. Marlene ta janye kofin wake gefe don ya sami wuri. Ya hau, ya zauna a kan koren ƙyalle ya naɗe ƙafafu, kusa da keji, rigar sanyinsa jiƙe sharkaf. Mutanen taga suka fara ɗaga yaransu sama don su gani.

Na raba musu. Seu Aristides ko leƙa katinsa bai yi ba.

"Duka," in ji shi. "Da jakar tabaransa, da wayarsa, da ɗan Amurkan da ke ciki. In kin ci, yau a gidanki zai kwana. Yana cin abinci sau huɗu, kuma zai koya miki yadda ake yin cuku."

Dona Zuleide ta ɗaga katinta. Ina tsaye a bayanta, na gani da idona: sarki biyu. Ta kalli katin. Ta kalli Maestro. Sannan ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon Miro, tun daga gashin da ya manne masa a goshi har takalmansa da ke ɓata mini ƙyalle.

"Yana minshari?" ta tambayi Marlene.

"Yana magana ma cikin barci, Dona. Lacca yake yi."

Ta kife sarakunanta a hankali, ta tura su gabana.

"Na ajiye."

Matan coci suka yi alamar gicciye. Tião ya buɗe baki, har idonsa ya manta bai ƙifta ba.

"Dona Zuleide, ba za ki biya ki gani ba?" na tambaya.

"Na ga abin da ya ishe ni, Osvaldo."

Seu Aristides ya miƙa hannu biyu ya ɗauki kejin, ya ɗora a cinya, ya duba tsuntsun ta kowane gefe. Ya lulluɓe shi da ƙyallen wuyansa. Marlene ta kama hannayen baro ta juya shi.

Miro ya fara zuro ƙafa ƙasa. "To mu tafi gida ke nan."

"Zauna inda kake," in ji tsohon. Ya juyo gare ni. "Osvaldo, wanda ya ci yakan bar wa mai rabo wani abu a kan tebur. Ban taɓa tashi ban bar maka ba." Ya nuna Miro da haɓa. "Ga ladanka."

"Seu Aristides, ƙwayar wake biyu ma ta isa."

"Ka yi aiki yau. Riƙe duka."

"Marlene!" in ji Miro.

"Zan aiko maka da bargo," in ji ta, ta tura baro suka fita.

Jama'a suka bi su, domin abin kallo ya koma titi. Dona Zuleide ta ɗauki kwandonta, Tião ya tafi buɗe shago. Aka bar ni da mage da abin da na samu. Yana nan zaune a kan tebur, ya rungume gwiwoyi, yana kallon ƙofar da matarsa ta fita. Na ɗauka kuka zai yi, har na fara neman abin da zan ce masa.

"Seu Osvaldo," in ji shi, "kai shaida ne. Ba wanda ya taɓa sa matar nan ta ajiye sai ni."

Na ce masa ya sauko, zan naɗe ƙyalle, na nuna masa buhunan garin da zai kwana a kai.